Zuciyar Wa Muka Roƙa?

Medellín

Zuwa ga Goggo Tránsito,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gida, yaya kuma ƙafar nan taki?

An yi wa 'yata Yuliet dashen zuciyar, jikinta kuma ya karɓa. Jiya har ta cinye arepa, wainar masarar nan, tana faɗa da uwarta a kan tsifar kai. Ki miƙa godiyarmu ga matan ƙungiyarku ta addu'a.

Amma Goggo, ni kaina ya ɗaure. Ranar da aka ce an samu zuciya, a barandar asibiti na zube ina ɗaga murya, "Na gode, Uba!" Sai wata nas ta dafa ni ta ce, "Bawan Allah, sassauta. A ginin nan akwai masu kuka." A nan ne abin ya faɗo mini. Wata da watanni ina roƙon zuciya, ban taɓa tambayar kaina a ƙirjin wa take ba. Ashe mutuwar ɗan wani nake roƙo? Kuma aka amsa mini? Tun daga ranar, in na ɗauki carbi sai in mayar in ajiye. Na je wurin Fada, ya ce hanyoyin Allah suna da zurfi. Yadda na shiga haka na fito.

Ki huta lafiya.
Ɗanki, Evaristo

Sonsón

Evaristo ɗana,

Ina amsawa. Ƙafa tana nan tana mulkinta.

Kai dai tun kana yaro ba a ba ka abu ka ci sai ka juya shi ka leƙa ƙasansa. Na so in wanke ka tas, sai na kasa, don akwai abin da ban gaya maka ba.

Ka tuna Orfa maƙwabciyata, mai sharar coci? Ita ke ja mana addu'ar Yuliet, kullum ita ce a gaba. Ɗanta Wílmar ya faɗi da babur a hanyar gonar kofi, aka kai shi Medellín, bai farka ba. Ta amince a ba mabuƙata sassan jikinsa. A makon da aka kira ku ne.

Ban ce zuciyar tasa ce ba, kada ka sa mini magana a baki. Garinku babba ne. Amma ran Lahadi da aka tashi daga coci ta tare ni da tsintsiya a hannu.

"Tránsito, yarinyar tana cin abinci?"

Na ce tana ci.

"To, madalla," in ji ta, ta ci gaba da shararta.

Ni da na tsufa ina jan carbi, yanzu in na kai wurin "a yi nufinka" a addu'ar Ubanmu sai harshena ya yi nauyi. Amsar da kake nema ba ta wurina.

Ka gaida matarka. Allah ya riƙe ku.
Goggonka

Medellín

Goggo,

Ina gaisuwa. Takardarki ta hana ni sukuni, yau a wurin aiki har na ɗaura wa motar wani taya a baibai.

Na tambayi likita ko zuciyar wa ce, ya ce doka ba ta yarda a faɗa ba. Yuliet ta ji muna maganar da uwarta, ta leƙo ta ce, "To Baba, ya zan yi? In mayar musu?" Da dariya ta fara, da kuka ta ƙare.

Me zan ce wa Orfa? In na yi mata godiya, in ba ta ɗanta ba ce fa? In na yi shiru, in tasa ce fa? Don Allah ki tambaye ta ko tana so mu zo.

Naki, Evaristo

Sonsón

Ɗana,

Gaisuwa. Na tambaye ta. Ta ce:

"Kada su bincika. In tasa ce, ba zan iya kallon yarinyar ba. In ba tasa ba ce, ba zan iya jurewa ba. Su zo haka nan."

Na ce mata ka kasa addu'a. Ta ce, "Ni ma ai ba na roƙon komai yanzu. Zuwa coci nake in zauna a gaban Allah kawai, bai kore ni ba. Ki ce masa bencin da sauran wuri."

Ku taho Asabar, zan ɗora wake. Allah ya kawo ku lafiya.

Goggonka Tránsito