Igiyar Buhun Shinkafa

Ƙofar Dundaye, Sakkwato
Rajab, 1977

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Kano, yaya kasuwar shanu? Mu nan sai godiya.

Yaya, wani abu na cina a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai. Ka tuna bara da maigidana Dodo ya yanka wani sa, ya iske tumbinsa cike da leda? Tun da shinkafar waje ta cika gari, buhunanta na roba sunka cika lungu, dabbobi na ci suna mutuwa. Ni Tasalla, ni na fara warware buhun nan ina tufka igiyar ɗaure shanu. Ni na tara matan unguwa a tsakar gidana, munka koya, har yanzu mata na yi a Mabera da Runjin Sambo. Buhu ya zama abin nema a bola.

To, waccan yarinya ita ke kai igiyoyin kara, kasuwar shanu. Ka san wadda nake nufi, ɗiyata ta fari, wadda bakina bai taɓa kiran sunanta ba. Tun yaye anka ba Kaltume, yayar maigida, riƙonta, ban ce uffan ba don kunya.

Ran Laraba mutanen rediyo sunka tare ta, sunka tambaye ta wa ya koya mata. Ina tankaɗe na ji muryarta a akwati, wai Innarta Kaltume! Kaltumen da ko zaren zane ba ta iya murzawa! A gabana ta koya, igiyarta duk gaɓa-gaɓa kamar hanjin akuya. Yanzu ga ta nan tana yawo gida-gida ana yi mata barka, har da sabon kallabi.

Wallahi ba rediyon ya dame ni ba, su riƙe abinsu. Kalmar Innar nan ce ta tsaya mini a wuya. Kishi nake ji, Yaya, kishi tsagwaronsa. Ni na yi naƙuda, wata ke shan kira.

Ka gaida Zainaba da yara.

Ƙanwarka,
Tasalla

Ƙofar Dundaye, Sakkwato
Sha'aban, 1977

Yaya Attahiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na ji ka ce in yi haƙuri. Kai dai ba ka da magana sai haƙuri, kamar shi ake tuwo da shi.

Ga abin da ya faru. Wani bijimi ya tsinke igiyar Kaltume a kara, ya watsa kasuwa, ya tuntsurar da mai fura. Dillalai sunka ce sun daina sayen igiyar mata. Allah Ya yafe mini, sai da na yi dariya a madafa.

Da hantsi sai ga yarinyar ta shigo da tsinkakkiyar igiya, ta durƙusa nesa da ni, ido ya yi ja. Ta ce matan duk sun karaya, kuma Kaltume da bakinta ta ce aikin nan hannuna ne, ta zo gare ni.

Na so in ja rai, na kasa. Na shimfiɗa tabarma, na ɗora zaren a cinyarta, na kama hannunta ina nuna mata yadda ake murza kowane sili kafin a haɗa uku. Yaya, rabona da taɓa hannun nan tun tana goye. Ashe yatsunta irin nawa ne, har lanƙwasar ƙaramin. Munka tufka har azahar, ban ko ɗora tukunya ba. Dodo ya ɗaura igiyar a turke ya ja da ƙarfinsa, ko gezau.

Ta yi murna, ta dube ni ido cikin ido tana dariya. Sunanta ya zo mini har bakin leɓe. Kafin in buɗe baki ta naɗe igiyar ta miƙe, ta ce bari ta kai wa Inna ta gani.

Na ce ta gaishe ta.

Ƙanwarka,
Tasalla