Ƙwarƙwatar Kifin Salmon

Ƙanena Sadisu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Norway? Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Challawa alhamdulillahi.

Da ka ce aikinka cire wa kifin salmon ƙwarƙwata, dariya na yi. Kifin da kullum yake cikin ruwa, ina ya samo ta? To, ga kifayen tarwaɗar da nake kiwo sun fara goga jiki da bangon tanki, jiya har wasu suka mutu. Inna ta leƙa ta ce, "Ki tambayi Sadisu, ko irin ƙwarƙwatar kifinsu ce."

Ana ganinta da ido? Ta teku tana rayuwa a ruwanmu?

Ka amsa da wuri kafin sauran su bi. Ka sa mu a addu'a, ka gaida matarka Hauwa.

Yayarka,
Binta