Fuskar da Babu a Katin Mahdi

Unguwar Bolewa, Potiskum

Zuwa ga 'yata Muhsina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki Almustapha da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a can Fatakwal. Allah ya tsare ku, ya raya zuri'a. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, amma katangar baya ta zube, ban kuma sami ƙarfin tayar da ita ba. Gidan ya yi mini faɗi tun rasuwar mahaifiyarku. Daga ni sai ƙaninki Mahdi.

Kin san yadda ciwon ƙwaƙwalwarsa yake sa shi ganin mugunta a fuskar kowa, har ya kai duka. Bara, ban da magani, wata ma'aikaciyar asibiti mai suna Hawwa'u ta sa shi a wani horo na gyaran tunani. Ta ba mu kati ashirin masu hotunan fuskoki. Kowace safiya bayan karin kumallo nakan ɗaga masa ɗaya, shi kuma ya faɗa ko mai hoton yana fushi ne, ko tsoro, ko gajiya kawai. Ta kuma koya masa idan zuciyarsa ta taso ya ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi kafin ya motsa hannu. Wata tara bai taɓa kowa ba. Har kasuwar hatsi yake raka ni.

To, abin da na ɓoye miki a waya shi ne, sati uku da suka wuce na tashi bakina ya karkace, idona na hagu kuma ba ya rufuwa. Likita ya ce jijiya ce, wataƙila ta saki, wataƙila ba za ta saki ba. Tun ranar Mahdi ya daina duban katin, ni yake duba. Ya baza su ashirin ɗin a tabarma yana neman irin fuskata, bai samu ba. Ya ce mini rabin fuskar nan ta babansa ce, ɗaya rabin kuwa bai san mai ita ba, kuma dariya take yi masa. Na gwada rufe bakin da rawani, sai ya ce me nake ɓoyewa.

Hawwa'u ta tafi haihuwa. Maƙwabcinmu Umara ya ce in bari a kai shi inda ake saka mari a ƙafa, na ƙi. Na kai taɓarya da wuƙaƙen gidan wajen gwaggonki Hajjo, na ce mata ba na girki ne yanzu.

Roƙona shi ne ki zo da kanki, don muryarki yake ji. Ki ɗauki hotona da wayarki, a wanke, ki zauna da shi ki koya masa wannan fuskar kamar sauran, ki ce masa ta tsoho ce mara lafiya. Daga nan mu kai shi wajen likita tare. Ni kaɗai ba zan iya ba.

Ki gaishe da Almustapha da Khaulat da takwarana. Kada ki jira hutun yara. Ranar Talata Mahdi ya dube ni ya ƙirga har goma. Jiya ya tsaya a bakwai. Yau da safe bai wuce huɗu ba.

Ni ne mahaifinki,
Malam Dalhatu