Duktura, Fassarar Malaman Napoli Ta Kammala

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Duktura Samiya.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗaliba ga malamarta, ina sanar da ke cewa aikinmu na fassara littafin malaman Napoli zuwa Hausa ya kammala. Na so a ce kina raye na kawo miki shi da hannuna.

Ranar da na fara shiga ajinki na tarihin tunanin tattalin arziki, can baya na rakuɓe, don Larabcin Masar bai zauna a bakina ba tukuna. Kina bayanin malaman Napoli ta Italiya na da, masu cewa kasuwa ba ta tsayuwa sai mutane sun yarda da juna. Kika tambaye ni yadda muke kiran wannan yarda, na ce amana. Kika yi dariya kika ce, tunda akwai kalmar, saura littafin.

Mahaifiyarki 'yar Italiya ce, a bakinta kika tsinci harshen. Ke ki karanta, ki juya mini da Larabci, ni kuma in zuba da Hausa.

A 2013 da Alƙahira ta rikice, Baba ya bugo ya ce in tattaro in dawo Katsina. Ina kuka na haɗa kayana a unguwar Madinat Nasr. Ke kika karɓi wayar, da Larabcinki da nasa na zaure kuka fahimci juna. Kika ce masa 'yarsa tana hannunki, kika ɗauke ni zuwa gidanki a unguwar Mohandessin.

A teburin kicin muka ci gaba. Da na rasa zaɓi tsakanin "jin daɗin jama'a" da "walwalar jama'a", kika sa na yi ta maimaita su da ƙarfi. Ba kya jin Hausa, amma kika ce walwala ta fi kama da mutane suna dariya.

Ba ki taɓa gaya mini ciwo ya ci jikinki ba. "Yalla ya binti" ɗinki, wato yi sauri 'yata, ita ce kawai ta yawaita, ni kuwa na ɗauka faɗa ne.

Babin ƙarshe ni kaɗai na yi shi, da ƙamus da ɗan Italiyancin da kika bar mini. Inda na kasa, ma'alish, ki yi haƙuri, Mama. Jiya na karanta wa Baba shafi ɗaya ta waya. Da na gama, ya ce in sa sunanki a gaban nawa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane shafi ya zame miki sadaka mai gudana.

'Yarki ta Katsina,
Rukayya
Alƙahira, 2015