Kwamfuta Mai Jure Faɗuwa

Garwa, unguwar Yelwa

Zuwa ga Yaya Taufiƙ,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin Meiganga? Mu nan zafi kamar ya dafa mutum. Baba da Inna suna gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wayata ta sake fashewa, ta Inna kuwa ka san ta, duk abin da aka faɗa a ciki sai maƙwabta sun ji. Shi ya sa na ba François direba wannan ya kawo maka.

Tun da sunana ya fito a konkur, wato jarrabawar shiga makarantar likitocin dabbobi ta Ngaundere na kasa zama wuri ɗaya. In zuba kaya a akwati, in juye, in sake zubawa. An ce kowane ɗalibi ya zo da kwamfutarsa, Baba kuma ya ce in duba wadda ta yi mini. Na zaga shagunan babbar kasuwa har ƙafafuna suka yi tsami. Wannan ya ce tasa ta fi sauri, wancan ya ce tasa ta fi kyan hoto, wani ya miƙo mini mai ruwan hoda wai ta 'yan mata ce. Da na tambaye su wacce ce za ta faɗi ƙasa ta tashi lafiya, sai su yi ta dariya.

Yaya, kai ka san waɗannan abubuwan. Ba ruwana da kyau. Ina son wadda batirinta zai daɗe in an ɗauke wuta, wadda za ta kai ni ƙarshen karatu, kuma wadda za ta jure faɗuwa. Wannan na ƙarshen shi ne babba. Ka ba ni amsa da wuri, lokaci yana tafiya.

Ƙanwarka,
Hamida

*

Meiganga

Dakta Hamida, likitar shanu da awaki,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da ya nuna mini ranar da za ki nemi shawarata. Ina lafiya, sai dai manyan motocin shanu da ba sa barin mutum ya numfasa a ofis.

Abokina Rostand yana kawo kwamfutoci daga Duwala. Ya nuna mini wata siririya, mara nauyi, kamar littafin makaranta. Ita ta dace da ke. Za ki riƙa tafiya daga ɗaki zuwa aji kullum, kada ki ɗauki wadda za ta karya miki kafaɗa. In kuma kin matsa sai mai ƙarfi, ki je wurin Laurent a layin masu gyara, bayan rumfar naman Baba. Yana da tsofaffin na ofis da ake kawowa okaziyon, wato na hannu. Ki ce masa mai SSD, ba mai faifan nan da ke juyawa a ciki ba, don shi ne ke fara mutuwa in an buga ta da ƙasa. Ki duba maƙalan murfin su zama na ƙarfe.

Amma tsaya. Kwamfuta za ki saya ko ƙwallon ƙafa? Wa ya ce miki jifa ake yi da ita? Waya kuma wannan ta nawa ce bana? Inna ta ce mini kin ƙone a hannu kwanaki. Hannun naki man shanu ya koma ne?

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Taufiƙ

*

Garwa

Yaya,

Salam. Ina fata kana lafiya. Ni dai ba na lafiya, kuma na gaji da cewa ina lafiya.

Ciwon nan ya dawo. Farfaɗiyar da nake yi ina ƙarama, wadda likita ya ce ta tafi har ya tsayar mini da magani. Tun bayan azumi take zuwa. Ita ta fasa wayoyin, ita ta kayar da ni gefen murhu. Na yi shiru don na san abin da Baba zai ce.

Jiya na je wurin Laurent. Ya ɗauko mini wata baƙa, mai kauri, mummuna, ya ce ko shayi ya zube a kan maɓallanta zai tsiyaye ta ƙasa. Na ce masa, "Sake ta ƙasa in gani." Ya ce, "Madmazel, ni sayarwa nake yi, ba wasa ba." Na karɓa ina juya ta a hannuna, sai na ji warin nan kamar na ƙonanniyar roba, wanda nake ji kafin abin ya zo. Na nemi inda zan ajiye ta, ban kai ba.

Da na farfaɗo kaina yana kan cinyar matar Laurent, ta rufe ni da zaninta, tana yi wa wani tsawa da ya zo zai cusa mini cokali a baki. Ƙofar shago cike da mutane. Baba yana tsaye a tsakiyarsu da rigar aikinsa, jinin nama bai ko bushe a kanta ba. An je an kira shi daga rumfa.

Laurent ya ɗauki kwamfutar daga kan siminti. Kusurwa ɗaya ta ɓantare, amma tana nan a kunne. Ya ce a bar ta, ba komai. Baba ya ce abin da muka fasa namu ne, ya sa ta a hammata, ya riƙe hannuna har gida. Muka shiga zaure. A nan ya ce, "Ba inda za ki."

Kwamfutar tana kan kabad ɗinsa yanzu. Yaya, ka yi masa magana. Yana jin taka.

Hamida

*

Garwa

Zuwa ga ɗana Taufiƙ,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fata kana lafiya kamar yadda muke, Allah ya yi maka albarka. Magana mai nauyi ba ta waya ba ce, shi ya sa na rubuto.

Na san ƙanwarka ta gaya maka abin da ya faru. Kada ka zaci ba na son karatunta. Ranar da sunanta ya fito, ba mahaucin da bai ji daga bakina ba a kwata.

Amma ni na san bijimin sa. Na ga bijimi ya take ƙaton mutum mai cikakkiyar lafiya, aka ɗauke shi a kan tabarma. Ita wannan da ciwo ke kayarwa ba sallama, in ya zo mata tana tsakanin ƙafafun dabba fa? In ya zo mata a ɗaki ita kaɗai, wa zai juya ta? Ba ku san gwaggonku Lauratu ba. Irin wannan ciwon gare ta. Ta je wanki bakin kogin Binuwai, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Ni aka aika na ɗauko gawarta.

Hamida ba ta barci, ba ta cin abinci. Tana ta zagaye tsakar gida kamar wadda aka ɗaure. Ni ma a rumfa jiya na yanki yatsana, abin da rabona da shi tun ina koyon aiki. Ka rubuta mata, ka kwantar mata da hankali. Akwai abin da za ta karanta a nan Garwa, inda idonmu yake kanta.

Allah ya tsare ka.

Mahaifinka,
Shu'aibu

*

Meiganga

Hamida,

Salam. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ki yafe mini zolayar da na yi miki kan hannunki. Ban sani ba.

Na ɗauki biro zan rubuta wa Baba kamar yadda kika roƙa, sai tasa ta iso. Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba, na kasa. Duk motar shanun da ta tsaya a gaban ofis sai in tsaya ina kallon kofatansu. Ban taɓa lura da girmansu ba sai yanzu. Ko za ki haƙura bana, ki nemi magani, mu ga yadda jikin zai yi? Karatu yana nan.

Kada ki yi fushi da ni. Ko ki yi, amma ki ci abinci.

Taufiƙ

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, Baba, barka da aiki. Gida ɗaya muke kwana, amma duk lokacin da na buɗe baki a gabanka kuka ke riga ni. Shi ya sa na ba Inna wannan ta sa maka cikin kwanon abincin rumfa.

Na yi laifi da na ɓoye. Ka yafe mini.

Mun je asibiti da Inna. Likita ta mayar da ni kan magani. Ta ce in sha a kan lokaci, in samu barci, kada in je bakin ruwa ko kusa da wuta ni kaɗai. Na tambaye ta karatu, ta ce tana da marasa lafiya irina da suke koyarwa, da masu aikin ofis. Ta ba ni sunan wani likita a Ngaundere da zai riƙa duba ni. Gurbin da na samu kuwa, in ban je bana ba, wani za a ba.

Baba, ba kowane likitan dabbobi ne ke kokawa da sa ba. Madam ɗin da ke duba namanku a kwata ta buga hatimi, ai ita ma shi ta karanta. Khaula 'yar gidan Alhaji Uba ita ma can za ta, ɗaki ɗaya za mu kama. Na koya mata yadda za ta juya ni, har na kwanta a ƙasa ta gwada.

Na san labarin Gwaggo Lauratu, Inna ta gaya mini. Ita ba ta samu magani ba, kuma ba wanda yake kusa. Amma Baba, ƙunar da ke hannuna a cikin gidanka na same ta, kana rumfa, Inna tana ɗaki. Zama a gida ba zai hana ni faɗuwa ba. Karatun kawai zai hana.

Ni ma ina tsoro. Kullum ina jiran warin nan. Na fi so in jira shi ina cikin aji.

Duk abin da ka yanke, zan bi.

'Yarka,
Hamida

*

Garwa

Taufiƙ,

Bayan sallama. Ranar Alhamis za mu taso da ƙanwarka da Khaula a motar safe. Ka nemi izini a wurin aiki, ka same mu a tashar Ngaundere. Ka zo mata da jakar goyo mai soso a ciki, na'urar nan tana da nauyi.

Ban ce mata na yarda ba. Na ce zan je in ga ɗakin da idona, in ga likitan, in ga inda suke ajiye dabbobin. Na bar rumfa a hannun abokan aiki.

Na ce wa François ya riƙe mini kujera ɗaya ta dawowa. In abin da na gani bai yi mini ba, sai in ƙara ɗaya. Kada ka gaya mata.

Mahaifinka,
Shu'aibu