Ƙwayar da Nake Rabawa da Wuƙa

Hajiya Damata, don Allah ki agaza mini, farin ciki da fargaba sun haɗu sun hana ni sakat.

Maigidana, Baban Kausara, maɗinkin fugu ne, rigar saƙi ta gargajiya, a nan Salaga. Shekara huɗu da suka wuce ya soma jin muryoyi, wai allurar ɗinkinsa na kai rahotonsa. Ya watsar da shago. Danginsa suka kai shi wurin mai magani a bayan Yendi, wata bakwai da mari a ƙafa. Ni na kafe, har aka ce ba ni da kunya, sai da aka kai shi asibiti. Likita ya ce sikizofireniya ce, wani ciwon taɓin hankali, ya ɗora shi kan ƙwaya.

Hajiya, mutumin nan ya dawo! Ya buɗe shago, yana jam'i, har tsokanata yake wai miyata ta yi gishiri. Wallahi ranar da ya fara kushe miyar nan kuka na yi don daɗi.

Sai dai maganin ya sa shi ƙiba da nauyin barci, hannunsa kuma na rawa. Adon wuyan fugu aikin hannu ne, a kansa ya yi suna. In ɗinkin ya karkace sai ya zauna yana kallon yatsunsa. Shi ne, ba da saninsa ba, na soma raba ƙwayar biyu da wuƙar albasa ina ba shi rabi, na ce masa sabon samfuri ne. Mako uku ke nan. Ga kawunsa, Baba Iddi, zai zo daga Bawku a yi sadakar godiya, ya ce ranar za a zubar da sauran maganin gaban jama'a tunda an warke. Ya zan yi?

Uwar Kausara, Salaga

Uwar Kausara, barka! Kin cire mutum daga mari kin mai da shi kan aikinsa, wannan nasara ce babba.

Amma ajiye wuƙar nan yau. Maganin danne ciwon yake, kamar na hawan jini, kuma rage shi a ɓoye ko yanke shi farat ɗaya yakan dawo da muryoyin. Shirun mako uku ba shaida ba ce.

Kukanki kuwa gaskiya ne, rawar hannu ga maɗinki ba wasa ba ce. Ki fara faɗa wa maigidanki abin da kika yi, jikinsa ne. Sannan ku je asibiti cikin makon nan, ki faɗi adadin da yake sha ba ɓoye-ɓoye. Likita na iya daidaita awon, ko ya sauya wani, ko ya ƙara na rawar hannu. A duba sukari da jininsa saboda ƙibar. Ku tafi da fugu mai karkataccen ado, likita ya ga abin da ake ƙoƙarin cetowa.

Baba Iddi godiya yake son nunawa, kada ki ja da shi gaban mutane. Ku same shi tun kafin ranar, in da hali tare da ma'aikacin lafiya. A yi sadaka, a ci shinkafa, magani ya zauna a akwati. Ku ba shi fugun da maigidanki ya ɗinka ya sa ranar. In ya ga layin ya ɗan karkace, ki tuna masa shekara huɗu baya hannun nan ko allura ba ya iya riƙewa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar ku tare.