Mako Tara A Kan Kalmar "Ko"

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Yaƙi da Jahilci, Ƙaramar Hukumar Anka
Daga: Sahura Halliru, ɗaliba a ajin matan aure, yankin Bagega
Kwanan wata: 9 ga Disamba, 2024

Game da: Malam Lirwanu da abin da yake kira darasi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, mai ƙorafi tana roƙon a dubi waɗannan batutuwa:

1. Ta shiga aji ranar 7 ga Oktoba da buƙata ɗaya tak: ta iya karanta katin asibitin 'yarta Zainab, wadda ake auna wa jini saboda gubar dalma. Ta bar sussukar gero, ta sayi littafi da fensir.

2. Ranar farko Malam ya rubuta "ko" a allo. Yau mako tara ba a goge ta ba. Ya yi bayanin aikinta a Hausar Kano da ta Sakkwato da Fulatanci, har ya gano ta a wani yare na ƙasar Japan, inda mai ƙorafi ba ta da ko dangin nesa.

3. Daga baya aka ji ashe kundin digiri yake haɗawa. Shi ya sa yake kafa wa mata waya a baki, kowace ta faɗi "ko" sau goma, yana gyaɗa kai. Matan Fulani biyar da ke ajin kuwa sun zama 'yan gaban goshi, har kujera yake ba su. Mai ƙorafi ta zo a koya mata, sai ga shi ita ke koyarwa, kuma kyauta.

4. Da ta nuna masa katin, bai dubi ranar da likita ya rubuta ba. Ya ce dai abin takaici ne babu kalmar tasa a ciki, ya mayar mata.

5. Ranar awon ita ce 20 ga Nuwamba. Mai ƙorafi ta hau babur da yarinya ranar 27, aka ce masu awo sun zo sun tafi. Ta yi kuka a ƙofar asibiti, kuma ba ta jin kunyar a rubuta haka.

Saboda haka tana roƙon Mai Girma ya turo wanda zai koya musu lambobi da sunayen watanni, ko da iliminsa bai kai Japan ba. Malam Lirwanu kuwa, Allah ya ba shi digirinsa, ya kai shi nesa. A asibiti an sake sa wa Zainab ranar awo, 18 ga Disamba, kuma wannan ma sai da ta zo Anka aka karanta mata.

Tana mai biyayya da fatan alheri.

Wanda ya rubuta da yawunta: Rabe, mai rubuta takardu a bakin kasuwar Anka.

Sa hannun mai ƙorafi: ta dangwala babban yatsa. Ta so ta rubuta sunanta, amma babu "ko" a cikinsa.